Ruwan Da Ya Kwanta A Ƙasan Tanki

'Ya'yana, ku da na haifa na raina har kuka zama masu gidan kanku, ku tattaro hankalinku nan. Na kira ku a waya kowa ya ce yana da uzuri. To ga shi na rubuta a shafi, inda na san ba kwa iya wuni ba ku leƙa ba. Sauran masu bibiyata ku ma ku zauna, akwai rabonku a ciki. Suna dai ba zan kama ba, na gida sun san su wa nake nufi.

Akwai wani mutum, ɗan yayana ne, yana aiki a tashar da ake tara ɗanyen mai kafin a loda wa jiragen ruwa. Shi ne shugaban masu kula da tankuna. Abokan aiki suna ce masa Sarkin Tanki, sunan kuma ya yi masa daɗi har ya hau masa kai. Aiki kam ya iya, ba zan tauye shi ba. Amma irin mutanen nan ne da in ka ce musu "sake dubawa", sai su ji kamar ka zage su.

Yana da ƙanwa, kowa Auta yake ce mata. Mahaifinsu ya rasu tana rarrafe. Shi ya riƙe ta, shi ya tsaya mata har ta gama karatu. Allah ya nufa ta samu aiki a wannan tashar, a ɗakin gwaji.

Na zaunar da ita ta yi mini bayanin aikin har na gane, don ba na magana a kan abin da ban sani ba. Ɗanyen mai ba ya fitowa daga ƙasa shi kaɗai, da ruwa da laka yake tahowa. Mai saye kuwa mai ya zo saye. In ruwa ya wuce ƙa'ida, zai iya ƙin karɓar kayan gaba ɗaya, sunan tashar ya ɓaci.

Saboda haka kafin a buɗe famfo zuwa jirgi, dole a ɗebo samfur a gwada. Kuma ba daga wuri ɗaya ake ɗebowa ba. Akwai na sama, na tsakiya, da na ƙasa, domin ruwa ya fi mai nauyi, can ƙasa yake kwanciya ya yi lamo. Mai ɗebowa zai hau saman tanki, ya zura kwalba mai nauyi da igiya. Sai ta kai zurfin da ake so, ya fizge toshiyar ta cika.

Wata rana da safe, bayan an kwana biyu ana tafka ruwan sama, jirgi yana tsaye yana jira. Mai ɗebo samfur, wani dattijo mai barkwanci da ake ce wa Na-Sama, ya shigo ɗakin gwaji da kwalabe uku ya dire a kan tebur.

Auta ta zuba kowanne a bututun gilashinsa, ta sa a na'urar da ke juya su da ƙarfi har ruwa da laka su rabu da mai su taru a gindi. Da na'urar ta tsaya ta ɗaga su a haske. Duk ukun tas, kuma daidai wa daida, ko ɗigo babu bambanci.

Wani zai yi murna ya sa hannu. Ita sai ta ɓata rai.

Ta ce, "Baba Na-Sama, waɗannan kwalaben 'yan uku ne? Uwa ɗaya uba ɗaya?"

Ya ce, "Ranki ya daɗe, ai tanki ɗaya ya haife su."

"Tanki ɗaya, amma ba zurfi ɗaya ba. Tun da nake aikin nan ban taɓa ganin na ƙasa ya yi kama da na sama haka ba, balle bayan wannan ruwan. Kalle ni, Baba. Igiyarka ta kai ƙasa?"

Ya sosa ƙeya ya kalli ƙofa. "Ina zura ta farko Sarki ya kira ni a rediyon oba-oba. Ya ce jirgi na jira, in ɗebo na sama in raba uku in sauko. Ya ce ya fi sanin tankin nan a kan ɗakin kwanansa. To ni wa zan bi? Shi ne ubangidana."

Ta ce, "Ɗauko igiyarka."

Kafin su fita sai ga Sarkin Tanki ya banko ƙofa, takalmansa duk taɓo.

"Auta, ina sakamako? Mutane na tsaye a kan famfo."

Ta miƙe ta gaishe shi kamar yadda ta saba, sannan ta ce, "Yaya, ba zan iya ba da shi ba. Samfurin daga sama kawai aka ɗebo. Sai an sake."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ke da na koya wa riƙe cokali, yau ke za ki koya mini mai? Ina aikin tanki tun kina yi mini fitsari a baya. Da hanci nake gane mai mai kyau."

"Na sani, Yaya. Amma hanci ba ya kaiwa ƙasan tanki."

"A gaban yarana za ki ƙaryata ni?"

"Ban ƙaryata ka ba. In na ƙasa ya fito tas, ni da kaina zan ba ka haƙuri a gaban kowa. Amma sai na gan shi."

Ya nuna ta da yatsa ya ce, "In kika taka matakalar nan, ki nemi wani yayan."

Ku da kuka san Auta kun san yadda take ji da shi. Ko kallon banza ya yi mata sai ta kasa cin abinci. Duk da haka ta ɗauki hular kwano ta kifa a kai.

Tana fita manajan tashar ya kira ta a waya yana ta faɗa. Ya ce jirgi ba motar haya ba ce da za a ce direba ya ɗan jira. Ya ce in ta tsayar da aiki a banza, ta shirya tattara kayanta. Ta ce, "Na yarda, Yallaɓai. In banza ce in tafi. Amma hannuna ba zai hau kan abin da ban gwada ba."

Suka nufi tankin ita da Na-Sama. Matakalar ƙarfe ce mai zagaye, jiƙe sharkaf, ga santsi. Tana hawa tana haki, shi kuma yana bayanta yana mita.

"Ranki ya daɗe, ki riƙe da kyau. In kika faɗo a kaina, ni gwiwata ba ta da garanti."

"Ka ji da igiyarka, Baba."

Da suka kai sama, warin mai ya buge ta har idonta ya kawo ruwa. Ta tsaya a kansa ya ɗebo na sama, ya ɗebo na tsakiya. Da aka zo na ƙasa ta ce ya ci gaba da sakin igiya. Ya saki, ya saki, har ya ce hannunsa ya gaji. Ta ce ya ƙara. Sai da kwalbar ta kai inda ya kamata ya fizge toshiya ya fara jawowa.

Ba a ma buƙaci na'ura ba. Tun a saman tankin, da ya ɗaga kwalbar, kusan rabinta ruwa ne mai ƙasa-ƙasa, mai yana yawo a kansa.

Na-Sama ya riƙe baki. "Innalillahi! Wannan ai da rijiya za mu loda wa mutane."

Ta sauko ta gwada duk da haka, ta kai wa manaja sakamakon. Nan take aka hana buɗe famfo. Aka koma wani tankin aka loda wa jirgin, ya tashi a makare amma da kaya mai kyau. Da aka bincika, ashe bututun da ke zubar da ruwan sama daga rufin tankin ne ya tsage a ciki. Duk ruwan da aka kwana biyu ana yi, cikin man yake tsiyaya.

Aka zauna bincike. Aka tambayi Auta, ta faɗi abin da ta gani a kwalabe, ba ta ƙara ko kalma ba. Aka tambayi Na-Sama, ya faɗi wanda ya ba shi umarni. Manajan da ya gama yi mata faɗa shi ya ce wa Sarkin Tanki a gaban kowa, da man nan ya shiga jirgi, da kora ce ba wata magana, shi da duk wanda ya sa hannu. Tunda bai shiga ba, aka sauke shi daga shugabanci aka mayar da shi sito. Auta kuma aka damƙa mata ɗakin gwajin.

Kuna tsammanin ya gode? Tun daga ranar bai ƙara amsa gaisuwarta ba. Yana bin dangi yana cewa ta taka shi ta hau. Duk ƙarshen mako sai ta je gidansa. Yana jin sallamarta zai sa takalmi ya fice. Ta zauna da matarsa da 'ya'yansa, ta duba musu aikin makaranta, ta tashi ta tafi. Wani makon ta sake dawowa.

Na ce mata, "Ba ki gaji ba?" Ta ce, "Gwaggo, a kan tanki ban ja da baya ba, a kan Yaya zan ja? Sai ya amsa."

Na je na same shi a sito, yana zaune a kan kwali. Na ce, "Kai, abincin da 'ya'yanka ke ci yau, wa ya tsare maka shi? Da ta bi son ranka, da yanzu ku biyun kuna gida kuna kallon juna." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Gwaggo, ko da gaskiyarta, ai da ta ja ni gefe." Na ce, "Kai ka ja ta gefe da ka banko mata ƙofa?" Na lura ya san ya yi kuskure, girman kai ne kawai ya hana shi amsa laifinsa.

Darasi: Daɗewa a kan aiki ba ta ɗauke wa mutum dubawa, kuma wanda ya hana ka yin ha'inci ba maƙiyinka ba ne, ko da a hannunka ya girma. In an ba ka amanar gwaji, ka kai igiyarka har ƙasa, ko wa zai yi fushi. Masu bibiyata, ku tura wannan ga duk mai aikin da ake dogara da sa hannunsa. Ku kuma 'ya'yana, na yi nawa. Ku ne sa'o'insa, ku yake sakin jiki da ku. Ku haɗu ku je gidansa ranar da Auta za ta je, ɗayanku ya zauna a bakin ƙofa kusa da takalmansa, kada kowa ya tashi sai ya amsa gaisuwar ƙanwarsa.