Hujin Randar Tasalla

Da sunan Allah zan fara, Shi da Ya raba wa bayinsa baki da kunne, wasu Ya cika musu wannan Ya rage musu wancan. Ni bakin aka cika mini.

Ni ce Tasalla mai daddawa. Duk wanda ya ci kasuwar garinmu ya san ni, wanda ya taɓa sayar mini da abu kuwa har yau bai manta ba. Marigayi Malam, mai gidana, bai bar gona ba, bai bar shanu ba. Abu ɗaya mai rai ya bari. A azuminsa na ƙarshe ya sha ruwa da dabino, ya cusa ƙwallon a wani gwangwani mai ƙasa, ya ce mini, "Bari mu gani." Dabino ya tsiro, shi kuma bai daɗe yana gani ba.

Da na fita takaba, babban ɗana, wanda ba na kama sunansa, ya ɗauko ni zuwa birni. Gidan haya ne, an shafe shi da siminti tun daga zaure har bayan gida, ko inda kaza za ta yi tono babu. Sai na cire dabinon daga gwangwani na dasa shi a randata.

Randar nan sai an yi maganarta. Tun ina amarya na saye ta. Na yini a gaban maginiyar tukwane ina kushe ta, har matar ta gaji ta haɗa mini da murfi don in tafi. In ka ƙwanƙwasa ta da yatsa, amo take yi kamar tasa. Ta yi ƙaura da ni gida gida, ko tsaga ba ta yi ba.

Kullum na tuna Malam sai in ɗebi ruwa a moɗa in zuba wa dabinon. Kuma ina tuna shi da yawa, fiye da yadda na kula shi yana da rai. Ana nan sai ganyen ƙasa ya fara rawaya, bakinsa yana bushewa. Na ce ƙishirwa ce, na ƙara moɗa. Surukata, matar ɗan nawa, ta ce, "Iya, da an ɗan huda gindin randar nan." Na ce ta je ta huda tukunyar miyarta tukuna, in ta ji daɗi ta zo ta gaya mini.

Wata ranar bayan la'asar, gida ba kowa, na zo da moɗata sai na tarar da wani ƙaton kwaɗo zaune a kan ƙasar randar, ya baje kamar mai unguwa.

Ya ce, "Sannu da ɗawainiya, Iya."

Na nemi tsari daga shaiɗan. Amma ni ba a yi mini magana in bar ta ta faɗi ƙasa, ko daga bakin wa ta fito. Na ce, "Yauwa. Wa ya ba ka masauki a randata?"

Ya ce, "Ke. Na zaga unguwar nan kaf, ban sami fadama irin wannan ba. To ki duba ni, ki duba dabinonki. Wurin da ya karɓi kwaɗo haka, kina jin zai karɓi ɗan hamada? Ina tsoron abin da ya sami dabinon Sarki Tunau ya same shi."

Na ce, "Me ya sami dabinon Sarki Tunau?"

Kwaɗo ya gyara zama, ya ce:

An yi wani sarki a Birnin Falale, sunansa Tunau. Fadarsa a kan dutse take, ba inda za a kafa ko tsinke. Wani baƙo daga arewa ya kawo masa 'yar dabino, sarki ya ƙaunace ta ƙwarai. Ya sa aka ɗauko wata babbar tasar tagulla ta kakansa, mai zane tun daga baki har gindi, aka cika ta da ƙasa aka dasa a ƙofar fada.

Fadawa suka lura duk wanda ya zuba wa dabinon ruwa, sarki yakan yi masa murmushi. Shi ke nan, ba mai zuwa gaisuwa sai da buta. Waziri ya zuba, Galadima ya zuba, mai neman a raba masa gado ya zuba tulu guda. Da ganye ya yi rawaya, maroƙa suka ce dabino ne ya ga sarki ya fara zama zinariya.

Sarkin nan yana da taubashi, ɗan gwaggonsa, ana kiransa Bagudu. Kin san tsakanin taubasai ba a fushi, abin da wani zai faɗa a sare kansa, taubashi zai faɗa a yi dariya. Bagudu ya zo fada hannu rabbana, ya sunkuya ya shinshina tasar, ya toshe hanci.

Sarki ya ce, "Kai bawana, ina butarka?"

Bagudu ya ce, "Bawa dai kai ne, ubanka ma goyon uwata ne. Ban zo da buta ba, don na ga ka zama Fatoma Jatau."

Sarki ya ce, "Wane ne Fatoma Jatau?"

Bagudu ya zauna ba a ce ya zauna ba, ya ce:

A wani zango kan hanyar fataken goro an yi wani mai masauki, Fatoma Jatau. Ba a taɓa ganin mai son baƙi kamarsa ba. Tsohuwarsa ce ta hore shi da haka, shi kuma ya ɗauki horon ya wuce da shi inda ba ta aike shi ba. In baƙo ya sauka ya ci tuwo, sai Jatau ya ɗauke takalmansa ya ɓoye a rumbu. Baƙo ya ce zai kama hanya, Jatau ya ce, "Haba, tun yanzu? Me na yi maka?" Har ƙofar baya ya sa aka toshe da laka, kada wani ya sulale.

Ayari ya zo ya shiga. Wani ayarin ya zo ya shiga a kan na farko. Jakuna suka cika tsakar gida, goro ya ruɓe a cikin huhu, bayan gida ya cika ya tumbatsa. Ɗakin tsohuwar kuwa a tsakiyar gidan yake. Kowane baƙo da ladabinsa, sai ya shiga ya gaishe ta, in ya shiga kuma ba wurin juyawa, sai ya zauna. Tsohuwa ta rame, idonta ya yi rawaya.

Ta kira ɗanta ta ce, "Ɗan nan, sun gaishe ni, na amsa. Ba su takalmansu in sha iska."

Jatau ya ce, "Inna, so kike a ce na kori baƙo?"

Da gari ya waye aka nemi tsohuwa aka rasa. Ashe turmi ta taka ta haura katanga, da shekarunta, ta koma gidan maƙwabta, ta rantse ba ta dawowa. Jatau ya zauna da baƙi cike da gida, wadda yake yi dominta ba ta ciki.

Bagudu ya ce, "To ka ji, bawana. Ruwa ma baƙo ne. Ya zo, ya gai da saiwa, a ba shi takalmansa ya wuce. Tasarka ba ta da ƙofar baya."

Kwaɗo ya ce, Sarki Tunau ya yi dariya, ya kuma gane, don ba wawa ba ne. Ya aika aka kira maƙeri. Amma da maƙeri ya durƙusa zai huda gindin tasar, sarki ya tuna zanen kakansa yana wurin. Ya ce, "Dakata. Huda ta nan sama, kusa da baki, inda ba zane." Maƙeri ya dubi Bagudu, Bagudu ya dubi sama. Aka huda a sama. Ruwan da ke kwance a ƙasa ya ci gaba da kwanciyarsa. Kafin kaka dabino ya mutu, aka zare shi kamar ruɓaɓɓiyar albasa.

Kwaɗo ya ce, "Kin gani, Iya. Ya karɓi rabin magana, sai ya tashi ba dabino, tasa kuma ga huji."

Sannan na ce, "Naka labarin ya yi tsawo. Shi sarki ne, yana da tasoshi. Ni randa ɗaya gare ni. In daina ban ruwa mana, a bar randar lafiya."

Ya ce, "Na cikin fa? Da na sama in damina ta sauka?"

Na ce, "To a karkata ta a tsiyaye."

Ya ce, "Kullum? Da wannan bayan naki?"

Na ce, "Bayana ba ruwanka. Huji ɗaya, ƙarami, kamar na allura, a gefe."

Ya ce, "A gindi, Iya. Kuma wanda ɗan yatsanki zai shiga."

Na ce, "Kai ɗan nema, da wa kake ciniki? Ka tambaya a gaya maka. Na sa mahauta kuka."

Ya ce, "Na ji labari. Amma ba ni ke da kayan ba, balle in rage miki. Kama ganyen tsakiyar nan, sabon da bai buɗe ba, ki ɗan ja shi a hankali. In ya zare, zuciyar ta ruɓe, ki bar randarki lafiya, ba sauran abin ceto. In ya riƙe, to yau ne, ba gobe ba."

Na kama ganyen, na ce a raina, Malam, kada ka yi mini haka. Na ja.

Ya riƙe.

Na shimfiɗa buhu, na kwantar da randar, na zaro dabinon da ƙasarsa. Warin da ya taso, ni mai daddawa ce, amma sai da na kau da kai. Saiwoyin ƙasa sun yi baƙi sun yi laushi. Kwaɗo yana gefe yana ba da umarni kamar shi ya haife ni. Na yanke baƙaƙen, na bar farare. Na kai wuƙa ga ganyen da ya fara rawaya, ya ce in bar duk mai sauran kore, busasshe kaɗai zan cire.

Sannan na kife randar. Ya ce kada in buga, in jiƙa wurin, in kafa ƙusa in riƙa murzawa. Na zauna na rungume ta tsakanin ƙafafuna ina murza ƙusa ina ba ta haƙuri. Surukata ta dawo daga unguwa ta same ni a haka. Yarinyar kirki ce, sai ta wuce ɗaki. Amma na ji abin da ta yi da ta rufe ƙofa, kuma ba kuka ba ne.

Ƙusa ta faɗa ciki. Na faɗaɗa hujin har ɗan yatsana ya shiga. Randa ba ta tsage ba.

Na ɗora tsingaro a kan hujin daga ciki don kada ƙasa ta toshe shi. Na sa aka samo mini yashi, na gauraya da ƙasa da ɗan tsohon taki, na mayar da dabinon daidai inda wuyansa yake a da, ban binne shi ba. Na ɗora randar a kan duwatsu a inda rana ke faɗa mata. Na zuba ruwa, na tsaya ina kallo yana ɗiga ta ƙasa, ruwan da aka sayo daga 'yan garuwa, yana bin siminti. Raina ya yi zafi, ban ɓoye ba.

Kwaɗo ya ce, "Daga yau yatsa kafin moɗa. Ki tura shi cikin ƙasar, in ya fito da danshi ki koma. In kin tuna Malam, ki yi masa addu'a, ita ba ta ruɓar da saiwa."

Aka ɗauki lokaci ba abin da ya canja, har na fara shirya irin zagin da zan yi wa kwaɗo. Sai wata safiya na ga ganyen tsakiyar ya ƙara tsawo, ya fara buɗewa, kore shar. Na durƙusa in duba ko hujin bai toshe ba. Me zan gani? Ga mutumina a ƙarƙashin randar, tsakanin duwatsu, cikin inuwa, ruwa mai tsabta yana ɗigo masa a ƙeya, ya lumshe ido.

Na ce, "Au! Ashe ɗaki ka sa na gina maka, har da wurin wanka."

Ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Can saman rana ta yi yawa, ga wari. Amma duba ganyenki, Iya. An cuce ki?"

Na duba ganyen. Na nemi abin kushewa, yadda na saba, daga sama har ƙasa, ban samu ba.

Na ce, "Allah Ya isa tsakanina da wayonka. Zauna. Na sallama."