Ƙofar Da Ya Ce Zai Gyara Gobe

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, mai gyaran ƙofofi da tagogi irin na zamani, masu gilashi ninki biyu, waɗanda in an rufe su ko ƙarar mota ba ta shigowa ɗaki. Allah ya ba shi hannu a wannan sana'a. Idan ya kama mariƙin ƙofa ya ɗaga sau ɗaya, ya san ciwonta. Mutanen unguwa har sun manta sunansa na yanka, kowa Injiniya yake ce masa. Yana salla, yana azumi, ba a taɓa jin ya ɗauki abin wani ba a duk gidajen da yake shiga.

Bari in ɗan bayyana muku yadda irin wannan ƙofa take, don ku fahimci abin da ya faru. A gefenta akwai dogon ƙarfe mai ƙugiyoyi, ɗaya a sama, ɗaya a tsakiya, ɗaya a ƙasa. In ka ɗaga mariƙi sama, ƙugiyoyin su shige ramukansu a jikin firam, wato ƙarfen da ya kewaye bakin ƙofar, sannan ka murɗa makulli. Abin da ke tura su duka wani ɗan inji ne mai haƙora, ɓoye a cikin ƙofar, bai fi tafin hannu ba. Gilashin nan yana da nauyi, saboda haka da tafiya ta yi tafiya ƙofar takan ɗan sauka a kan hinjinta, wato ƙarfen da take rataye a kai. Daga nan ƙugiya ba ta haɗuwa daidai da raminta, mariƙi ya fara tauri. Gyaran ba wuya. A ɗaure hinji, a ɗaga ƙofar kaɗan, a sa mai. Amma in aka bari ana ɗagawa da ƙarfi, haƙoran ɗan injin nan suna cinyewa a hankali, har ranar da za su karye ƙofa tana kulle.

Injiniya ya san wannan kamar yunwar cikinsa. Duk gidan da ya je sai ya gaya musu: "Ƙofa ba ta mutuwa sai ta yi kuka tukuna. Da kun ji tauri, ku kira ni."

Mutumin nan yana da uwa, tsohuwa, tana zaune ita kaɗai a wani ƙaramin gida tun bayan rasuwar mahaifinsa. Tana kiransa Babana, domin sunan mahaifinta aka sa masa. Da hannunsa ya sa mata ƙofa, kuma ya zaɓi wadda ta fi kowace ƙarfi. Gilashinta irin wanda ko an buga sai dai ya tsattsage, ba ya zubewa. Tagogi ya sa musu ƙarafa. Ranar da ya gama ya tara maƙwabta yana bubbuga gilashin da bayan hannu, yana cewa, "Ɓarawon da zai shiga wa Inna ba a haife shi ba." Ita kuma tana ta sa masa albarka har ya ji kunya.

Shekara huɗu ƙofa lafiya lau. Sai wata rana da ya je gaishe ta, ta ce, "Babana, ƙofar nan ta fara yi mini gardama."

Ya kama mariƙin ya ɗaga, ya ji abin da ke damunta nan take. Akwatin kayan aikinsa yana cikin mota a ƙofar gida. Amma ana jiransa a wani wuri, kuma ya riga ya sa takalmi. Ya ce, "Ƙaramin abu ne, Inna. Gobe zan zo in gyara." Kafin goben, sai ya koya mata dabara: ta dafa ƙofar da gwiwa, ta kama mariƙin da hannu biyu, ta ɗaga da ƙarfi.

Kun ji fa. Abin da yake hana baƙi yi, shi ya koya wa mahaifiyarsa.

Gobe ta zo bai zo ba. Mako ya wuce, wata ya wuce. Kada ku ɗauka ya yar da ita ne. Yana aika mata cefane, yana kai ta asibiti in ƙafa ta matsa mata, yana shigowa ya durƙusa ya gaishe ta. Da wannan yake lallashin zuciyarsa. In ta tuna masa ƙofa, sai ya ce yau ya gaji, ko ya bar ɗan makullin hinji a shago, ko rana ta yi. Baƙo yana iya fushi ya kira wani mai gyaran. Uwa kuwa ina za ta? Ya san za ta jira, kuma saboda ya san za ta jira, kullum ita ce ta ƙarshe a layi.

Ita kuwa da wasa take faɗa, don kada ta ɓata masa rai. Ranar nan ƙanwarsa ta zo, suna zaune su uku, tsohuwa ta ce, "Ke kin ga ikon Allah? Na haifi likitan ƙofofin gari, ni kuma kullum kokawa nake da tawa. Jiya ita ta kayar da ni, shekaranjiya muka yi canjaras." Suka yi dariya, har da shi. Ƙanwar ta ce, "Yaya, ka bari in kira wani ya duba mana." Nan fuskarsa ta canza. Ya ce wane ne zai taɓa ƙofar da shi ya sa? Me mutane za su ce? Tsohuwa ta ce, "Bar shi, zai zo. Babana ba ya saɓa alkawari, sai dai ya daɗe."

Yatsun tsohuwar nan sun kumbura da ciwon gaɓɓai. Ya ga yadda take hura su bayan ta rufe ƙofa. Ya gani da idonsa, ya kau da kai.

Wata takwas ana haka.

Ranar da abin zai faru, da hantsi, yana wani babban gida yana gyaran taga. Maigidan ya bar mariƙinta ya yi tauri har ya karye, Injiniya yana yi masa faɗa cikin ladabi, yana cewa rigakafi ya fi magani. Sai wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, Inna ce. A ransa ya ce maganar ƙofar nan ce dai. Ya bari ta katse. Ta sake kira. A kira na uku ya yi ɗan tsaki, ya kife wayar a kan akwatin kayan aiki, ya ci gaba da ɗaure sukuru. Tsakin bai fi na sakan ɗaya ba. Maigidan ma bai ji ba.

Abin da bai sani ba shi ne, tun da safe tsohuwa ta ji ƙirjinta ya ɗaure. Ta lallaɓa zuwa ƙofa don ta fita wurin maƙwabciyarta. Ta murɗa makulli, ta danna mariƙi, sai wani abu ya yi ƙas a ciki. Mariƙin ya koma yana lilo, sama da ƙasa, ba ya kama komai. Haƙoran sun karye, ƙugiyoyi uku suna cikin ramukansu. Ta buga gilashi, ta yi kira. Mutane suna wucewa a titi, taku goma tsakaninsu da ita, ba wanda ya ji. Ai don kada a ji aka yi gilashin. Sai ta kira lambar da ta fi sani.

Sai wajen azahar maƙwabciyar ta zo mayar da wani kwano, ta leƙa, ta gan ta zaune a ƙasa ta jingina da bango. Maza suka taru. Wani ya ɗauko dutse ya buga, gilashi ya tsattsage kamar saƙar gizo-gizo, ya tsaya a wurinsa. Suka sa kafaɗa, ƙofa ko motsi. Suka zaga tagogi, ƙarafa. Maƙwabciyar ce ta kira shi, ta ce, "Injiniya, ka bar abin da kake yi ka zo. Inna na ciki, ƙofa ta ƙi."

Ya zo. Ya durƙusa a gaban ƙofar da ya sa da hannunsa, ya buɗe akwati. Ya san aikin. Sai an cusa ƙarfe tsakanin ƙofa da firam, a buɗa kaɗan, a tura ƙugiyoyin baya ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne da ba ya son gaggawa. Duk wani abu da ya yi don ya hana ɓarawo, yau shi ya tsaya masa a gaba.

Yana cikin fama da ƙugiyar tsakiya ya ɗaga kai. Ta wani ɗan wuri da gilashin bai tsage ba, suka haɗa ido. Tana kallonsa. Leɓɓanta suna motsi, tana gaya masa wani abu, ta faɗa ta sake faɗa. Ya manna kunnensa a jikin gilashin. Shiru. Ya ce, "Inna, ban ji ba, ki bari in buɗe." Ita ma ba ta ji shi ba.

Rabin sa'a ya ɗauka. Da ƙugiyar ƙasa ta saki, ƙofa ta buɗe, ya tarar rai ya yi halinsa. Wayarta tana gefenta a kan tabarma.

Ya 'yan uwa, ajali na Allah ne. Ba ni da ikon in ce da ƙofar ta buɗe da safe da ta rayu. Likita ma bai faɗi haka ba. Amma mutumin nan bai tambayi kowa wannan ba. Tambayarsa ɗaya ce. Bayan an yi jana'iza ya je wurin maƙwabciyar ya ce, "Baba, ke kin riga ni zuwa. Me take cewa?" Matar ta share hawaye ta ce, "Ɗana, wallahi ban ji ba. Gilashinka ba ya barin magana ta fito." Ya bi mazan da suka taru ɗaya ɗaya. Ba wanda ya ji. Ƙanwarsa ba ta zage shi ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta dai miƙa masa wayar tsohuwar ya ga kira uku da sunan Babana, ta tashi ta bar masa ɗakin.

Yafe masa take yi? Kalmar shahada take maimaitawa? Ko tambayarsa take me ya hana shi ɗauka? Bai sani ba, ni ma ban sani ba.

Bayan kwana bakwai ya koma gidan shi kaɗai. Ya canza ɗan injin, ya sa sabon gilashi. Sannan ya ɗauki ɗan makullin hinji, ya murɗa sau uku, ya ɗiga mai. Ƙofa ta koma tana rufuwa da yatsa ɗaya. Wannan gyaran na ƙarshe, wanda aka yi wata takwas ana roƙonsa, bai kai tsawon shan kofin shayi ba. Ya zauna a bakin ƙofar har la'asar.

Daga ranar hannunsa bai sake zama nasa ba. In ya je gidan mutane ya kama mariƙi ya ji tauri, sai ya tsaya cik, ya tattara kaya ya fita ba sallama. In waya ta yi ƙara sai ya zabura. Masu kiransa suka yi haƙuri, suka gaji, suka nemi wani. Shago ya rufe. Matarsa ta yi iya ƙoƙarinta, amma mutum ne da ba ya ci, ba ya hira, in an yi masa magana sai ya tsura wa bakin mai maganar ido kamar yana neman wani abu a leɓɓansa. Gidan tsohuwar ya hana a sayar, ya hana a sa haya. Kullum da hantsi yana can, yana sa wa ƙofa mai, ya buɗe, ya rufe, ya buɗe. A duk unguwar ba ƙofar da ta kai ta laushi, kuma ba kowa a ciki.

To, mene ne zunubin mutumin nan? Bai zagi uwarsa ba. Bai bar ta da yunwa ba. Da an tambayi mutanen unguwa, da sun ce ɗa ne na kirki. Abin da ya yi shi ne ya raina buƙatarta don ƙarama ce, ya dogara da haƙurinta, ya ba baƙi safiyarsa ya ba ta gobe. Girman kai kuma ya hana shi barin wani ya yi abin da shi ya ƙi yi. Allah ya hana mu ko da nuna ƙosawa ga iyaye, balle tsaki. Sau da yawa muna ɗauka saɓa wa iyaye sai an ɗaga musu murya. A'a. Yana shigowa a hankali, kamar yadda ƙofa ke sauka a kan hinjinta, ba wanda ya ga ranar da ta fara.

Ba na cewa Allah ba zai gafarta masa ba. Rahamarsa ta fi zunubin kowa faɗi, kuma ɗa yana iya yi wa iyayensa addu'a da sadaka bayan sun tafi. Muna yi masa fatan haka. Amma akwai abin da ya wuce shi a duniyar nan, wato ya ji da kunnensa ta ce, "Na yafe maka."

Ku kuwa da naku suke raye, har yanzu muryarsu tana iso ku. Ina roƙonku a hankali, kowa ya tambayi kansa: wane ƙaramin abu ne mahaifiyata ta roƙe ni na ce gobe? Ƙwan fitila ne da ya mutu? Tabarau ne da ya karye? Ko zama ne kawai na rabin sa'a? Tsofaffi ba sa yawan maimaita roƙo. Sukan faɗa sau ɗaya da gaske, sau biyu da wasa, daga nan su yi shiru su koyi dafawa da gwiwa. In kun tashi daga nan, wanda kayan aikinsa ke cikin mota ya ɗauko su yau. Wanda wayarsa ta yi ƙara ya ga sunan tsohuwa ko tsoho, ya ɗauka, ko da ya san maganar da za a yi masa.

Allah ya ji ƙan iyayenmu da suka riga mu, ya ba mu ikon kyautata wa waɗanda suka rage tun ana jin juna. Ya yaye wa bawan nan nasa abin da ke damunsa. Allah ya kiyaye mu da goben da ba ta zuwa, ya kiyaye mu da nadamar da ba ta da gyara. Amin.