Ba Kwalbati, Ba Ƙuri'a

Akwai wani direba mai suna Munzali a wani ƙauye cikin mazaɓar Madachi, yana jigilar mutane da buhunan masara zuwa kasuwar Rano. Tsakanin ƙauyensu da titi akwai rafi. Da rani yashi ne zalla, da damina kuwa ko jaki ba ya yarda ya shiga. Kwalbatin da ke kansa ya daɗe da karyewa.

Munzali akwai baki, in ya fara magana a tasha sai dai a bar masa fili. Da zaɓe ya matso, ya tara mutane a ƙofar masallaci.

"Ba kwalbati, ba ƙuri'a," in ji shi. "Kowa ya zauna a gida, su ji a jikinsu."

Wani dattijo, Baba Mato, ya ce, "Ɗana, wanda bai fito ba, wa zai ji tsoronsa?"

"Baba, zamaninku ya wuce."

Ranar zaɓe ma'aikata suka wuni a firamare suna korar ƙuda. Baba Mato kaɗai ya dogara sandarsa ya je, matasa na yi masa dariya.

Bayan an rantsar da wanda ya ci, suka kai masa kukansu. Ya sa aka kawo musu lemo, ya saurare su tsaf, sannan ya ce, "Na ji. Amma ƙauyukan da suka fito su ma suna da buƙatu, da su zan fara."

Wallahi bai kyauta ba, shugaba na kowa ne. Sai dai ba da su ya hau ba, kuma ya san ba su za su sauke shi ba.

Damina ta kankama. Wata safiya, bayan ruwa mai ƙarfi, zazzaɓi ya tsananta wa Afra'u 'yar Munzali har ta fara suma. Ya sa ta a mota da uwarta Saratu, suka nufi asibiti a Rano. Suka tarar rafi ya cika maƙil. Mota lafiya lau, ga mai a tanki, ga titi can suna hango shi. Suka tsaya jiran ruwa ya janye.

Kafin ya janye, Saratu ta ja gefen mayafinta ta rufe wa yarinyar fuska.

Munzali bai yi kuka ba. Ya juya mota kawai. Daga ranar bakinsa ya mutu. Ya yi lodi, ya sauke, ya dawo gida. In an ba shi abinci ya ci, in ba a ba shi ba ba ya tambaya.

Da wani zaɓen ya zagayo, matasa suka same shi a tasha. "Yaya Munzali, a sake irin na wancan karon?"

Ya dube su kamar bai gane su ba.

Da safiyar zaɓe, da yake an hana zirga-zirgar motoci, ya taka da ƙafa zuwa gidan Baba Mato. Ya riƙe hannun tsohon har firamare, Saratu na biye da su. Mutane suka yi ta leƙe ta katanga, can sai ga su ɗaya bayan ɗaya. Kafin azahar layi ya kai bakin hanya.

Wancan mutumin da ya ba su lemo ya faɗi zaɓe. Wanda ya hau ya san akwatin ƙauyen nan ba fanko ba ne, don haka kafin wata damina aka yi kwalbati.

Ranar da Munzali ya fara haye shi rafi na cike, Saratu na zaune a gaba. Ya rage gudu a tsakiya, ruwan na wucewa ta ƙarƙashinsu. Ya ɗaga ido ya dubi madubi. Kujerar baya babu kowa.

Darasi: Ƙin fita zaɓe ba ya hukunta ɗan siyasa, kai yake cirewa daga cikin waɗanda ake tsoron ɓata wa rai. In kana fushi, kai fushinka cikin akwati. Ku tura wa duk wanda kuka ji yana cewa ba zai fita ba.