Rumbun da Gizo Ya Gina Ba Baki

Ga ta nan, ga ta nanku, ku masu maiƙon miya a baki.

Ta zo mu ji ta, Iya!

To ku matso. Kai Barau, angona na ƙarya, cire yatsa daga hanci.

Wata shekara damina ta yi kyau, Gizo da matarsa Ƙoƙi suka samu gero dami talatin. Ƙoƙi ce ta noma, Gizo ne ya gaji. Aka jibge dammunan a bayan gida, abincinsu ke nan da 'ya'yansu har wata daminar. Ƙoƙi ta ce a gina rumbu kafin dabbobi su farga.

Gizo ya ce, "Ni zan gina. Za ki ga rumbun da ba a taɓa gani ba."

Kun san ginin rumbu: magini daga ciki yake tsayawa, ana jefa masa curin laka yana ɗorawa, in ya kai wuyansa sai ya haura ya fito. Gizo ya shiga, Ƙoƙi na jefawa. Ashe ragon nan yana da hannu! Ya shafe bango sumul, ya zana kifi, ya zana wata, ya zana kansa da rawani. Ni kaina da na gani da na yaba.

Gini ya wuce kansa, Ƙoƙi ta tafi kududdufi ɗebo laka. Sai ga Akuya. Ta kalli gero, ta kalli rumbu, ta kafa kai a dami.

"Wane gwani ne a ciki?"

"Ni ne, Gizo!"

"Mmm, mmm! Ƙara masa tsawo, gwani."

Gizo ya ji muryarta ciki-ciki, ya ce a ransa, "Baiwar Allah, kyau ya sa ta kuka."

Ƙoƙi ta dawo ta tarar dami biyar sun tafi. Ta ce, "Malam, leƙo ka ga ɓarna! Fito mu zuba geron nan."

"Gero? A kan zanena? Jefo laka!"

Kashegari ta sake tafiya, sai ga Saniya, ita ma ta cika bakinta da gero.

"Mmm, mmm! Rumbun nan ya kamata a hango shi daga gari bakwai."

Gizo ya manne a bango da ƙafa shida, yana ɗori da biyu, yana hawaye shi ma. Ƙoƙi ta dawo, saura dami goma sha biyu. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta ce ta daina ɗebo laka, za ta kira 'yan'uwanta su kwashe abin da ya rage. Ta ɗauki dami ɗaya a ka ta tafi.

Tana ba da baya sai ga Jaki, da laka mangala guda a bayansa, kyauta.

"Mmm, mmm! Gwani, rufe bakin sama ruf, kada ƙura ta ɓata zane."

"Kai ne ka san aiki!" in ji Gizo.

Ya ɗora, ya matse, ya liƙe, har haske ya ɗauke. Ya zauna a duhu, ko zanen ba ya gani. Ya kira Jaki, shiru. Ya kira Saniya, shiru. Cikinsa ne kaɗai ya amsa.

Ƙoƙi ta iso da 'yan'uwanta, ba ko zangarniya. 'Ya'yan na zaune a ƙasa suna tsintar ƙwaya. Ta ɗauko taɓarya ta nufi rumbu.

Gizo na ihu daga ciki, "Ba nan ba, nan kifi ne! Ba nan ba, nan wata ne!"

Ta ce, "Ina rawanin?"

"Nan."

Nan ta ɗirka. Bango ya fashe, Gizo ya rarrafo waje, jikinsa duk ƙasa, yana ƙifta ido.

"Ina masoyana? Ba su bar mini saƙo ba?"

Ƙoƙi ta nuna masa kashin jaki, tuli uku, har yana tururi. Ta ce, "Ga shi nan. Rumbu ya samu abin zubawa."

Shekarar nan da dami ɗayan da ta ɗauka a ka suka lallaɓa, da rama da tafasa.

To jikokina, in kun iya wani abu ku yi shi da kyau, amma ku tuna don wa kuke yi. Kuma in aka cika yabonku, ku leƙa ku ga abin da mai yabon yake taunawa.

Ƙungurus kan kusu, ta ƙare. Barau, kai dariya kake, ai ɗazu da ka ce ɗankwalina ya yi kyau na ga hannunka a ƙullin gyaɗata.