Sunan Wa Sallau Zai Raɗa wa Ɗansa?

Ku matso ku ji wannan, amma kada wanda ya katse ni sai na dire.

Sallau ma'aikaci ne a wani ɗakin sanyi na kifi a Gusau. Kafin rana ta fito ya shige, sai ta faɗi yake fitowa. Kifin da yake dako kuwa ko a baki ba ya sawa, wai ƙarni. Ana nan sai gaɓoɓin yatsunsa suka kumbura suka ƙage, har maɓallin riga ya gagare shi. Ga matarsa da cikin fari. Ba abin da ke cin ransa kamar a haifi ɗan ya kasa ɗaukarsa.

Ƙaninsa Tasi'u, mai aikin gwajin jini, shi ya ja shi asibiti da ƙyar, don gogan ya kafe a kan sanyi ne kawai. Likita ta ce, "Malam Sallau, sojojin da ke tsare jikinka daga cuta ne suka juyo suna yaƙar gaɓoɓinka. Bitamin D yana cikin masu tsawata musu, naka kuwa ya yi ƙasa sosai. Ga magani, ga ƙwayar bitamin. Ka riƙa shan hantsi, ka ci kifi."

Abokin aikinsa Haladu ya bar masa gurbinsa na bakin ƙofa, wurin sikeli, inda rana ke sauka. Shi Haladu ya koma cikin sanyin, yana fama da mura, bai taɓa yin mita ba.

Saura kifi da ƙwaya, don Sallau akwai taurin kai. Surukinsa Malam Ilu ya san yaron ba zai iya yi masa musu ba. Kullum sai ya zo da gasasshen kifi, ya zauna ya ce, "Bismilla, ɗana. Ba na tashi sai ka cinye, ka kora da maganinka." Kunya ta sa Sallau ya yi ta haɗiya.

Ciwon bai rabu da shi ba, amma ya lafa. Ranar suna ya sa hannu biyu ya ɗauki ɗansa da kansa, hawayen godiya na zuba. Ya fito zaure, ga mutanen nan uku a tabarma ɗaya. Ya yi niyyar yi wa ɗayansu takwara, ga liman yana jira.

To, ku da kuke zaune, sunan wa ya kamata ya faɗa?