Shi Ya Ɗauka

An yi wani mutum a Sintali. Ba zan faɗi sunansa ba, saboda 'ya'yansa ba su yi wa kowa laifi ba. Yana da gonar masara a bayan gari, yana da bindiga mai baki biyu ta korar birai. Bindigar tana da lasisi, kuma lasisin yana cikin leda a aljihun gabansa. Ko ba a tambaye shi ba sai ya fito da shi.

Ƙanensa Suhail ya yi shekara huɗu a gidan yari, don ya sari mutum da adda a rikicin iyakar gona. Da ya fito, mahaifiyarsu Uwani ta ce ya zauna gidan wansa, inda ita ma take zaune.

Na san abin da kuke jira, 'yan uwa. Kuna jira in ce tsohon fursuna ya saci bindiga ya yi ɓarna, ku gyaɗa kai ku ce dama an sani. To ba za ku ji wannan daga wurina ba.

Suhail ne ma ya fara roƙo. Ya ce, "Hamma, ka raba ni da bindigar nan. Ka kulle ta, ko ka kai ta wani wuri. Ni ko inuwarta aka gani a jikina, na koma."

Wan ya yi dariya ya ce, "Ina da lasisi. Gidana ne ko gidan gwamnati?"

Lasisi takarda ce mai ɗauke da sunan mutum ɗaya. Ba ta rufe gida, ba ta rufe dangi. Mutumin nan ya yi boko, ya san haka sarai.

Wata Asabar da hantsi za su gona. A al'adarmu ƙane ba ya tafiya hannu sake alhali wansa na ɗauke da kaya. Wan ya miƙa masa bindiga a ƙofar gida kamar yadda zai miƙa masa fartanya. Suhail ya noƙe hannu.

"Karɓi mana! Gidan yarin ya cire maka tarbiyya ne? Ni zan tuƙa babur, ni zan ɗauki kaya, kai kana zaune a baya kamar amarya?"

Uwani tana tsakar gida tana kallonsu. Suhail ya karɓa ya rataya.

Ba su fita daga gari ba suka tarar da shingen 'yan sanda, kuma ɗaya daga cikinsu ya gane fuskar Suhail. A ofis aka zaunar da su benci ɗaya. Mai rubuta bayani ya dubi wan ya ce da Hausarsa ta bariki, "Malam, bindigan nan, kai ya ba shi, ko shi ya ɗauka?"

Wan ya san in ya ce shi ya ba shi, lasisi ya tafi, wataƙila shi ma ya tsaya gaban alƙali. Ya dubi ƙasa ya ce, "Shi ya ɗauka."

Ku lura da Hausar nan. Wanda ya ɗauki kayan wansa, ya ɗauka. Ɓarawo ma ya ɗauka. Bakin mutumin nan ya faɗi ta farko, ya zauna yana kallo aka rubuta ta biyu. Suhail bai musa ba, wai ƙane ba ya ƙaryata wansa a gaban mutane. Ya koma gidan yari da shekarun da suka fi na farko.

Wan kuwa ya shiga gari yana rantsuwa bai yi ƙarya ba. Har aka sami masu rawani da suka ce lafazinsa daidai ne. Ni na ce ƙarya ce, kuma ba zan janye ba. Wa yake tsammanin zai ruɗa da nahawu? Mala'ikun da ke kafaɗunsa ba su jin Hausa ne?

Bindigar ta zauna a kotu a matsayin shaida, ba ta dawo ba. Lasisin da ya sayar da ɗan'uwansa dominsa ba a sabunta masa ba. Uwani ta tattara kayanta ta koma Abbare wurin 'yarta Saliha. Ya bi ta da buhun masara, ya durƙusa ya gaishe ta. Ta dubi Saliha ta ce, "Maza biyu na haifa. Ɗaya yana gidan yari, ɗayan ban san inda yake ba. Wannan baƙon, ki sallame shi."

Yau a Sintali ko buta mutumin nan ya miƙa wa wani a ƙofar masallaci, sai a ɗaga hannu a ce, "Tsaya tukuna, ka ba ni ne, ko na ɗauka?"

Ya 'yan uwa, wanda yake da makami a gida tare da wanda hukuma ta taɓa ɗaurewa, nauyin yana kan mai takarda, ba kan mai tabo ba. Ya kulle, ya riƙe makulli, ya ɗauki kayansa da kansa. Ku kuma ƙanne, biyayyar da za ta mayar da ku kurkuku ba biyayya ba ce. Ku ce a'a, a kira ku marasa kunya.

Ya Allah, ka kiyaye mu da harshen da yake faɗin gaskiya don ya ɓoye ta. Ka buɗe wa Suhail ƙofa mahaifiyarsa tana da rai. Amin.