Allurar da Ba Ta Sauka Ƙasa da Kwata

Mutum uku ne a cikin wannan labari: wani direba, da matar yayansa marigayi, da wani tsohon makanike.

An yi wani mutum, sana'arsa tuƙi. Yayansa ya rasu ya bar mace da 'ya'ya huɗu, da ɗakin kaji a bayan gida, da tsohuwar akori-kura. Matar ta ci gaba da kiwon kaji, ta damƙa wa ƙanin mijinta makullin mota. Takan kira shi Ƙaramin Maigida cikin wasa, shi kuwa ya ce mata Yaya.

Ba ta iya tuƙi ba, amma marigayi ya koya mata duba agogon mai. Kullum da yamma takan leƙa ta taga, ta sa shi ya murɗa makulli, ta dubi inda allura ta tsaya.

Sai mutumin ya fara zuƙar mai da tiyo yana sayarwa. Da ya ga idonta ba ya barin allura, ya nemi dabara. A cikin tanki akwai siririn hannu na ƙarfe, da ƙwallo mara nauyi a bakinsa mai iyo a kan mai. In mai ya cika, ƙwallo ya tashi, allura ta tashi. Ya buɗe saman tankin, ya zaro hannun, ya lanƙwasa shi ƙasa da filaya, ya mayar. Daga ranar, ko tanki ya bushe, allura ba ta sauka ƙasa da kwata. Shi kaɗai ya san haka.

Ya 'yan'uwa, wa ya gan shi? Ba kowa, sai Wanda ba Ya barci.

Ranar da kaji ɗari biyar suka isa sayarwa, aka jera su cikin keji a bayan mota. Ya yi niyyar ƙara mai a hanya ba da sanin kowa ba. Sai ga matar ta fito da mayafinta ta zauna a gaba, domin mai sayen yana son ganinta da kanta.

Suka tashi da hantsi. Da suka zo gidan mai na ƙarshe kafin daji, ya rage gudu.

Ta ce, "Ina kuma za ka?"

Ya ce, "Yaya, mu ɗan ƙara mai."

Ta dubi allura ta yi dariya. "Ƙaramin Maigida, idonka ya fara tsufa ne? Ga kwata nan, ta kai mu har da saura. Dubi layin motoci. Rana na yi, kaji ba su da haƙuri. Mu wuce."

A nan Allah Ya buɗe masa ƙofa. Kalma ɗaya ce ta rage masa: Yaya, agogon ƙarya yake yi, ni na sa shi. Ya ji kunyar faɗa. Ya taka mota suka wuce.

Rana na tsaka mota ta yi tari, ta mutu, a wurin da babu inuwa ko ta sanda. Ya ɗauki galan ya kama tafiya a ƙasa. Ita kuwa ta tsaya tana yi wa keji fifita da mayafi, tana yayyafa ɗan ruwan da suka riƙo. Kafin ya dawo, fiye da rabin kajin sun mutu, sauran kuma mai saye ya ƙi karɓa.

Ya ce agogo ne ya lalace, tsufa ne. Washegari ta ce su je wurin tsohon makanike tare.

Tsohon bai yi gaggawa ba. Ya duba fis ɗin wutar agogon, lafiya lau. Ya cire wayar da ta fito daga tanki ya taɓa ta da jikin mota, allura ta tashi har sama. Ya ce, "Agogo da waya ba su da laifi. Saura ciki." Ya buɗe tankin, ya zaro hannun, ya juya shi a hasken rana.

Direba ya ce, "Baba, tsatsa ce ko?"

Tsoho ya ce, "Ɗana, tsatsa ba ta da haƙoran filaya."

Ya nuna wa matar shaidar, ya miƙe ƙarfen, ya ɗaga shi ya sauke da hannu, allura na bin sa daidai har ƙasa.

Matar ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙa hannu ta karɓi makulli, ta ce, "Da ka faɗa mini a bakin gidan mai, da fushin kwana biyu zan yi."

Labari ya zaga tasha. Ba wanda ya sake ba shi makulli. Yanzu kayan mutane yake lodawa a motocin da wasu ke tuƙawa, in ya hango 'ya'yan yayansa sai ya sauya hanya.

Ya 'yan'uwa, satar mai zunubi ce, cin amanar marayu ya fi ta nauyi. Amma abin da ya kayar da direban shirun nan ne na bakin gidan mai. Wa ke cikinmu bai taɓa lanƙwasa wani abu a ɓoye ba? In an ba ka damar faɗin gaskiya, faɗa tun mota na tafiya.

Allah Ya kiyaye mu daga cin amana, Ya ba mu ƙarfin tuba kafin tonon asiri. Inda na kuskure a sunan wani ƙarfe ko a rubutu, masu sani su gyara mini.